Kalma Takwas Kafin Suma

A Oulu, cikin Disamba, rana baƙuwa ce:
ta leƙo da hantsi, ta yi sallama kafin shayi ya huce.
Ina hawa na uku, ni da fitila da tarin wayoyi,
da abin wuyan barewar ƙanƙara a kan teburin aiki.

Oula ne ya kawo shi daga Inari cikin aljihu.
Ya ajiye, bai zauna ba.
Ya ce, "Tuulikki, kwana sha tara wannan bai yi magana ba.
Uwar garke ke sanye da shi.
Na neme ta har muryata ta dushe."

Na buɗe cikinsa. Batir da ransa, eriya lafiya lau.
Ƙwaƙwalwar ce, wadda ba ta kai farcen ɗan yatsa ba,
ta yi tuntuɓe a wani wuri ta faɗi,
kuma wanda ya riga ni zama a wannan kujera
umarni ɗaya tak ya bar mata don ranar faɗuwa:
tsaya nan, ki yi ta zagaya kanki har abada.
Ita kuwa ba ta san musu ba.
Ta yi ta zagayawa a dokar daji,
ba mai ji, ba mai gani.

Ban zage shi ba. Na san ranar Juma'a ce ya rubuta,
yana cewa a ransa, wannan ƙofa ba mai bi ta cikinta.

Sai na zauna na yi mata sabuwar huɗuba.
Na ce, ke ƙarama, faɗuwa ba abin kunya ba ce.
In kin faɗi, kada ki yi dogon bayani,
kada ki ari wuri a ma'ajiya,
kada ki dogara da tarin da kika jibge,
wataƙila shi ne ma ya kayar da ke.
Ki faɗi kalma takwas kawai:
inda ƙafarki take, wa ya kira ki,
me ke hannunki, wace tuta aka ɗaga.
Ki ɓoye su a lungun da tsintsiya ba ta shiga
in an zo sharar farkawa.
Sannan ki daina ba karen gadi abinci.
Zai jira daƙiƙa biyu, ya cije ki, ki tashi.
Kina tashi, kafin ki nemi tauraron ɗan Adam,
ki aiko mini da wasiyyar.

Oula ya koma arewa da guda arba'in.
Janairu ya wuce shiru, na fara zargin kaina.

Daren tara ga Fabrairu, ƙarfe uku da kwata,
lamba ɗari biyu da sha huɗu ta suma a bakin tafki,
ta farka, ta yi magana.
Kalma takwas, ba ƙari.
Na bi adireshin kamar mai bin sawun ɓarawo,
layi bayan layi,
har na isa inda ake raba lissafi da amsar ma'aunin sanyi.
Sanyi ya kai arba'in ƙasa da sifili,
ma'aunin ya daskare, ya ce sifili,
ita kuma ta yi ƙoƙarin raba abu gida babu.

Na duba gefen layin, in ga sunan mai laifi.
Baƙaƙe biyu ne, da kwanan wata na bazarar bara.
Nawa ne.

Na yi dariya ni kaɗai har mai shara ta leƙo.
Gyaran bai wuce layi uku ba.

Da safe na kira Oula. Iska na kaɗawa a wayarsa.
Ya ce, "Ga ta nan, tana tonon gansakuka."
Bai tambayi abin da ya faru ba,
ni ma ban faɗa ba.
Amma ban goge huɗubar ba.
Akwai wasu layukan nawa a ciki
da sanyi bai kai gare su ba tukuna.